Si Busha'ib da Ayabar Shiyya ta Goma Sha Ɗaya

Ranar da Si Busha'ib ya tare a unguwarmu ni na fara ganin motarsa, domin shagon shayina yana daidai kwanar da ake hawa zuwa saman Azru, garinmu na kan duwatsu. Babbar mota ce, tana hawa tana nishi, an labta mata kaya har sun rinjaye ta gefe guda. Ba gadaje ba ne kuma ba katifu ba. Ganye ne manya-manya, kowane ya isa mutum ya shimfiɗa ya yi salla a kai, suna ta kaɗawa a iska.

Ba Hammu, tsohon da ya shekara sittin yana noman tuffa har idonsa ya fara ja baya, ya ajiye kofinsa ya ce, "Lahsan, daji ne yake tafiya, ko idon nawa ne ya ƙara lalacewa?"

Na ce, "Ayaba ce, Ba Hammu."

"Ta ci?"

"Ta shukawa."

Ya ce, "Allah ya jiƙanta."

Matar mai motar 'yar unguwarmu ce, Lalla Zuhur, 'yar marigayi Si Assu. An kai ta aure Agadir shekara talatin da wani abu, can bakin teku inda mijinta yake aikin awon kifi a tashar jiragen ruwa. Da ya yi ritaya sai suka dawo gidan da mahaifinta ya bar mata, mai lambu a baya da itatuwan tuffa goma sha biyu waɗanda marigayin ya dasa da hannunsa.

Washegari Si Busha'ib ya shigo shagona. Gajere ne mai tumbi, da gashin baki da ya sha gyara, da alƙaluma uku a aljihun gaba. Bai jira an tambaye shi ba ya ja kujera tsakiya.

Ya ce, "Jama'a, na zagaya garinku. Tuffa, tuffa, tuffa. Ko'ina tuffa. Kakanninku tuffa, ku tuffa. Ba ku gajiya?"

Ba Hammu ya ce, "Ita ba ta gaji da mu ba."

"Rashin ilimi ne, Baba, kada ka ji haushi. Ni mutum ne na awo. Shekara talatin babu kifin da ya wuce ta gabana ban san nauyinsa ba. Kafin in ɗaga ƙafata daga Agadir sai da na yi bincike." Ya zaro waya ya ɗora a tebur. "Masana sun raba duniya shiyya-shiyya, gwargwadon inda sanyin kowane wuri yake kaiwa a tsakiyar hunturu. Kowace shiyya da lambarta. Ƙaramar lamba, sanyi mai kisa. Babbar lamba, ɗumi. Idan ka san lambarka ka san abin da zai rayu a gonarka. To na rubuta Azru, ga abin da ya fito. Goma sha ɗaya! Ayaba, gwanda, mangwaro. Kuna zaune a kan aljanna kuna cin tuffa."

Aka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu. Ana cikin haka Lalla Itto ta leƙo karɓar butar shayinta. Ita ce mai sayar da dashen itatuwa a kasuwar Talata, kuma babu lambu a unguwar nan da ba ta san ciwonsa ba. Aka miƙa mata. Ta nesanta wayar daga fuskarta, ta matso da ita.

Ta ce, "Si Busha'ib, wannan shuɗin da ke gefen garin fa?"

"Teku ne mana."

"Da kake hawowa jiya, ka ga teku?"

"Ina cikin mota, ganye ya tare ni."

"Wannan Azrun ta kusa da Agadir ce. Ƙauyen da ka baro a bayanka ne. Mu nan takwas muke. Shekarar da sanyi ya yi fushi ma, sai mu leƙa bakwai."

Shago ya ɗauki dariya. Si Busha'ib ya karɓe wayarsa, ya goge fuskarta da hannun riga.

Ya ce, "Lalla, Azru Azru ce. Idan hukuma ta ba gari biyu suna ɗaya, ta san abin da take yi."

"To ka gaya wa ƙanƙara haka idan ta zo."

"Zan gaya mata. A rubuce."

A ranar Juma'ar farko, Lalla Zuhur ta tafi gaida danginta. Kafin ta dawo da la'asar, mijinta ya sare shida daga cikin itatuwan mahaifinta, yana cikin wasa gatari don na bakwai. Ihun da ta yi ni ma daga shago na ji shi. Muka ruga. Muka tarar ta rungume itace na bakwai, mayafinta a ƙasa.

Tana cewa, "Sare ni tare da shi! Sare! Babana ya dasa wannan shekarar da aka haife ni!"

"Zuhur, ci gaba ne ya zo."

"Ci gaban ya ci kansa!"

Da ƙyar Si Allal mai unguwa ya shiga tsakani. Aka yi yarjejeniya a gaban shaidu, ni da Ba Hammu da liman. Idan ranar bikin Yannayar, sabuwar shekarar manoma da ke faɗowa a tsakiyar Janairu, Si Busha'ib ya ciyar da unguwa ayabar lambunsa, to sauran shidan ma nasa ne, ya sare. Idan kuwa bai iya ba, zai miƙa wa matarsa mabuɗin lambu, ya haƙa rami shida da hannunsa ya mayar da abin da ya sare, kuma ba zai sake taɓa ko ciyawa ba sai da izininta.

Si Busha'ib ya ce, "Ku zo da kwanduna."

Gaskiya kuwa, da bazara ayabar ta ba mu tsoro. Guda ashirin ya dasa, kuma suka ji rana suka ji ruwa suka miƙe har suka leƙo ta saman katanga. Si Busha'ib ya ƙara alƙalami na huɗu a aljihu. Kullum da safe zai zo shago ya buɗe littafinsa ya karanta mana awon jiya, domin ya sayi ma'aunin zafi ya rataye a bangon lambu. Abin da ya ba mu mamaki, ko da kaka ta shigo muka fara sa rigunan ulu, ma'aunin nasa bai taɓa sauka ba.

Yakan ce, "Talatin da ɗaya. Ku kuna rawar ɗari, lambuna yana gumi."

Wata rana na kai masa shayi gida don in gani da idona. Ga ma'aunin nan kuwa a rataye, a jikin bangon da ya raba lambun da gidan wankan unguwa, daidai bayan murhun da ake dafa ruwa tun asuba. Na ɗora tafin hannuna a bangon na janye da sauri.

Na ce, "Si Busha'ib, ai wannan bangon ƙwai ma zai dafa."

"Ka gani ko? Ka fara fahimta."

"Murhun gidan wanka ne a bayansa."

"Lahsan, kai mai shayi ne. Zafi zafi ne. Ayaba ba ta tambayar daga ina ya fito."

Daga nan ya yanke hukuncin cewa ko da sauran garin takwas ne, gidansa shi kaɗai goma sha ɗaya ne. Ya sa aka rubuta masa allo da manyan baƙaƙe, fari a kan shuɗi, ya kafa a saman ƙofa: SHIYYA TA 11. Kwana biyu da kafawa, ranar kasuwa, mutanen ƙauye suka ga allo mai kama da na hukuma suka yi layi. Wani ya zo a buga masa hatimi a takardar gona. Wata ta zo yi wa jikarta rajistar haihuwa. Wani dattijo ya kawo ƙarar maƙwabcinsa kan saniya. Si Busha'ib bai kore su ba. Ya fito da kujera, ya saurari maganar saniyar tun daga farko har ƙarshe, ya ba mai ƙara gaskiya, sannan ya shawarce shi ya sayar da saniyar ya dasa gwanda.

Si Allal mai unguwa ya iso yana haki. "Wa ya buɗe ofis a unguwata ban sani ba?"

"Ba ofis ba ne, shiyyar yanayi ce."

"Yanayi yana da hatimi? An ce ka buga wa mutum takarda!"

"Na ga ya sha hanya ne. Da gindin kofi na buga masa."

Aka tilasta shi ya ƙara rubutu a ƙasan allon: TA ITATUWA KAWAI. Duk da haka har yau akwai wani a ƙauyen bayan dutse da yake ajiye da waccan takardar a cikin akwati.

A tsakiyar Nuwamba raɓa ta fara daskarewa. Wata safiya muka tashi ciyawa ta yi fari fat, ganyen ayaba kuwa ya yi baƙi ya rataya kamar tsumman da aka share tukunya da shi. Si Busha'ib ya zo shago a makare.

Ba Hammu ya ce, "Ya masu jiki?"

"Wane jiki? Hutawa suke. Irin wannan ayabar takan sake launi kafin ta yi 'ya'ya."

Amma da yamma aka ga yana bin gidaje yana aron tsofaffin jallabiyoyin ulu masu hula a haɗe. Ya kwashe nasa kaf, ya haɗa da na marigayi surukinsa da ke cikin adaka, ya sa wa kowace ayaba guda, ya ja mata hular jallabiyar ya rufe kanta, ya ɗaure ƙugu da igiya.

Washegari da sassafe hazo ya sauko. Lalla Mbarka mai gasa burodi ta hau rufin gidanta shanya, ta leƙa lambun maƙwabta, ta ga maza ashirin tsaye a sahu, kawuna a sunkuye, babu mai motsi babu mai magana. Ta saki kwandon ta ɗora hannu a ka. Kafin a sha shayin safe labari ya gama unguwa cewa Si Busha'ib ya rasu, har danginsa na Agadir sun iso sun tsaya a lambu. Mata suka ɗora tukwanen kuskus. Maza suka ɗauki dunƙulen sukari na ta'aziyya suka nufi gidan. Ni ma na rufe shago. Ba zan ɓoye ba, na ji tausayinsa, har na yafe masa gorin da ya yi mini cewa ni mai shayi ne.

Ba Hammu ya riga kowa. Ƙofar lambu a buɗe take, ya shiga da sandarsa ya fara daga na farko.

"Allah ya ba da haƙuri. Allah ya sa ya huta." Ya matsa gaba. "Sannunku da hanya. Mutumin kirki ne, sai dai surutu." Ya matsa gaba. Ya kai na bakwai babu wanda ya amsa, ya juyo gare ni ya rage murya. "Lahsan, mutanen bakin teku ba su da gaisuwa."

Ana haka ƙofar ɗaki ta buɗe, mamacin ya fito da bargo a kafaɗa da littafi a hannu zai je duba ma'auni. Lalla Mbarka ta yi ƙara ta zube a kan tukunyar kuskus. Liman ya ja da baya yana karanto abin da ya zo bakinsa.

Si Busha'ib ya dubi taron, ya dubi dunƙulen sukari a hannun kowa, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ai ba yau ba ne bikin, jama'a. Sai Janairu. Amma na gode da kuka fara gane darajar abin."

Lalla Zuhur dai ta karɓe sukarin duka. Ta ce tunda an riga an kawo, kuma ba a san abin da gobe za ta yi ba.

Jallabiya ba ta hana sanyi ba. Sai Si Busha'ib ya zauna ya yi lissafi a littafinsa, ya gano cewa jikin tunkiya ɗaya yana fitar da ɗumi daidai da ƙaramin kaskon gawayi. Ya je wurin Muha makiyayi ya roƙi aron tumaki arba'in.

Muha ya ce, "Me za su yi maka?"

"Numfashi kawai."

"Numfashi?"

"Su tsaya kusa da ayaba su yi ta numfashi. Ba na son komai bayan wannan."

Muha ya ce shi bai taɓa jin an ari tunkiya don numfashi ba, amma tunda ciyawa ta yi wuya, ga su nan. Aka kora su lambu da hantsi aka rufe ƙofa. Si Busha'ib ya zo shago ya zauna ya harɗe ƙafa, yana yi mana bayanin yadda za a riƙa koyar da wannan dabarar a manyan makarantu.

Tumakin sun yi numfashi, ba a ce ba su yi ba. Amma tsakanin numfashi da numfashi sun cusa kai ta ƙarƙashin jallabiyoyi. Kafin azahar sun cinye ayaba goma sha uku har ƙasa, sun haɗa da igiya da gefen riguna. Babban ragon garken ya cusa kai ya wuce, ƙahoninsa suka maƙale cikin hular jallabiyar marigayi Si Assu, ya firgita ya banke ƙofa ya fito titi sanye da ita. Ya gangaro ta gaban shagona a guje, hula a kai, hannayen riga suna jan ƙasa. Tsofaffin da suka san rigar suka miƙe tsaye.

Wani ya ce, "Si Assu ne! Ya dawo kan maganar itatuwansa!"

Si Busha'ib ya dubi abin da ke tahowa, ya ga rigar surukinsa tana gudu da ƙafa huɗu ta nufo shi. Ban taɓa ganin mai tumbi ya shige ƙarƙashin tebur da irin wannan saurin ba. Daga can ƙasa muka ji muryarsa: "Shida kawai na sare, Baba! Shida!"

Da aka kama ragon a bakin kasuwa aka tuɓe shi, Si Busha'ib ya fito daga ƙarƙashin tebur yana karkaɗe gwiwa ya ce alƙalaminsa ne ya faɗi.

Saura bakwai. A ƙarshen Disamba dusar ƙanƙara ta sauko har gwiwa, kuma a makon ne tukunyar gidan wanka ta fashe aka kashe murhu don gyara. Ma'aunin Si Busha'ib, wanda bai san wahala ba tunda aka saye shi, ya faɗo ƙasa da sifili da tara. Ya cire shi ya kawo shago yana girgiza shi.

"Kayan zamani ba su da ƙarko. Ya lalace."

Lalla Itto tana nan tana ɗumama hannu a jikin murhuna. Ta ce, "Yau ne ya fara faɗin gaskiya."

Bai kula ta ba. Ya cusa ma'aunin a hammatarsa, ya sha shayi kofi biyu, ya zaro ya duba. "Talatin da bakwai. Ya gyaru." Ya rubuta a littafi.

Ana saura kwana ɗaya biki aka ga ya shiga motar haya ta zuwa birnin Maknas da sassafe. Da la'asar ya sauko a bakin kwana rungume da wani abu a naɗe cikin bargo, yana tafiya a hankali yana kare shi daga iska. Matan da ke dawowa daga famfo suka tsaya.

Lalla Mbarka ta ce, "Barka, Si Busha'ib! Yaushe aka haihu? Mace ko namiji?"

"Kayan aiki ne."

"A buɗe mana fuska mu gani mana."

"Barci yake," in ji shi, ya ƙara sauri.

Ranar Yannayar rana ta fito amma babu zafi a cikinta. An share ƙanƙara a tsakiyar lambu an shimfiɗa darduma. Lalla Zuhur ta dafa kuskus mai kayan lambu bakwai kamar yadda ake yi, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta naɗe hannu. Unguwa kaf ta zo, har da mutumin saniya. Ayaba bakwai suna tsaye cikin jallabiyoyinsu, shida sun ɗan karkace, ta bakwai kuwa, wadda ke gindin babban itacen tuffa, cikinta ya yi tulu a gaba.

Si Busha'ib ya fito da farar alkyabba da jan dara. Ya hau kan akwati.

"Jama'ar Azru! Wata tara kuna yi mini dariya. Kun ce takwas, na ce goma sha ɗaya. Kun kawo mini sukarin mutuwa ina raye. Ban riƙe kowa ba, domin mai ilimi ba ya fushi da wanda bai sani ba. Yau za ku ga abin da kakanninku ba su gani ba. Gobe kuma da safe, da yardar Allah, gatari zai yi aikinsa."

Na ga Lalla Zuhur ta dubi itatuwan babanta ɗaya bayan ɗaya.

Ya sauko, ya kwance igiyar ƙugun ta bakwai ɗin, ya kama hular jallabiyar da hannu biyu, ya ce, "Bismillahi," ya fizge.

Abin da ke ciki ya daɗe da mutuwa. Sanyi ya dafa shi, ya narke, ya sake daskarewa, rigar ce kawai take riƙe da shi. Da aka cire ta sai ya sulale ƙasa, lakwam, kamar albasar da ta kwana a miya, wani wari ya tashi har liman ya toshe hanci da gefen rawani.

Nonon ayabar kuwa bai faɗi ba. Yana nan a sama, rawaya shar, manya-manya, yana lilo a iska babu komai a ƙarƙashinsa. Sai da muka ɗaga kai muka ga siririyar wayar ƙarfe ta tashi daga wuyansa ta naɗe a reshen tuffar Si Assu.

Ba Hammu ya tako da sandarsa, ya laluba ayabar, ya bi wayar da yatsa har inda hannunsa ya kai, ya dafa jikin itacen.

Ya ce, "Shekara sittin ina noman tuffa, ban san tana haihuwar ayaba ba. Zuhur, 'yata, kada ki bari a sare wannan."

Lalla Itto ta matso ta ɓantaro wata 'yar takarda mai shuɗi da ke manne a jikin ɗaya. "Har da tambarinta ta fito. Da rubutun ƙasar waje."

Si Busha'ib ya ce, "Ni na manna. Shirin fitarwa ƙetare nake."

"Wayar fa?" in ji mai unguwa.

"Tallafi ne. Sabon salon aure ne tsakanin itace da itace. Ba ku kai nan a karatu ba tukuna. A ƙasashen da suka ci gaba..."

Bai ƙarasa ba wani abu ya dira a kan katanga. Sai na biyu, sai na biyar. Biran dajin kan dutse ne. Duk shekara idan ƙanƙara ta rufe musu abinci sukan gangaro gefen gari, to yau iska ta kai musu ƙamshin da ba su saba ji daga lambun kowa ba. Babbansu, wani furfurarre mai faɗin kafaɗa, ya dubi taron, ya dubi abin da ke lilo, ya yi tsalle ɗaya ya kama.

Si Busha'ib ya yi kukan kura ya riƙe ƙasan nonon. "Sake! Ta jama'a ce! Sake, ɓarawo!"

Biri ya ja sama, shi ya ja ƙasa. Sauran suka sauko kan darduma, mata suka kwashi akussan kuskus suka yi cikin gida, Muha yana ta wurga takalmi yana samun mutane. Wata ƙaramar birinya ta dira a kafaɗar Si Busha'ib, ta cire jan darar ta duba cikinta, ta tafi da ita. Shi dai bai saki ba. Yana ja yana kiran mai unguwa ya rubuta rahoto. Can wayar ta tsinke. Biri ya haye reshe da nonon ayaba gaba ɗaya, Si Busha'ib ya tafi da baya, santsin ƙanƙara ya ɗebe ƙafafunsa, ya zauna daɓas a tsakiyar ruɓaɓɓiyar ayabarsa, farar alkyabba da komai. A hannunsa guda ɗaya tak ta rage, ita ma ta matse.

Biran suka jeru a kan katanga suna ɓarewa suna ci, suna jefo ɓawon cikin lambu.

Lalla Zuhur ta taso daga bakin ƙofa. Ta ratsa mutane a hankali, ta tsaya a kansa, ta miƙa tafin hannu.

Ya ɗago kai. "Zuhur, a bisa ƙa'ida an ci ayaba a lambun nan yau."

Hannun bai motsa ba.

"Yarjejeniyar ba ta fayyace su wa za su ci ba."

Liman ya ce, "An ce unguwa, Si Busha'ib."

"Su ma ai maƙwabta ne."

Hannun dai yana nan. Ya laluba aljihu, ya fito da mabuɗi ya ɗora mata. Ta rufe hannunta, ta juya ga jama'a ta ce a shigo ciki, kuskus zai huce.

A watan Maris ya haƙa ramuka shida. Lalla Itto ta kawo dashen tuffa ta tsaya a kansa, duk ramin da bai yi mata ba sai ta sa ya sake, Lalla Zuhur kuma tana zaune a kujera da mabuɗi rataye a wuya. Kwana huɗu ya yi yana haƙa, bayansa ya riƙe mako biyu.

Sai dai biran ba su manta ba. Tun daga ranar bikin, kullum da hantsi sai sun gangaro sun jeru a kan katangar nan, su zuba wa babban itacen tuffa ido suna jira ya sake yi. Idan suka gaji da jira sai su taɓa abin da ya samu. Don haka Lalla Zuhur ta ba mijinta aiki ɗaya tilo da aka yarda ya yi a lambun: ta ajiye masa kujera da doguwar sanda a gindin katanga. Yana zaune yana kallonsu, suna zaune suna kallonsa, har azahar.

Rannan ya shigo shago bayan ya tashi daga gadi, ya jingine sandar a bango. Ba Hammu ya ji ƙarar sandar ya juyo.

"Si Busha'ib, ya baƙin naka? Yau ma sun zo?"

"Goma sha huɗu," in ji shi, ya ja kujera tsakiya. "Tun daga kan dutse suke takowa, a cikin sanyin nan, don su ga lambuna. Kai Baba, shekara sittin kana noma, wa ya taɓa zuwa kallon naka?"